Tambayoyi da Amsoshi a kan Saƙa Baki Mai Kunyoyi da Kwarashi

Da yawa daga cikin masu koyon saƙar kwarashi sukan iya jikin hula ko na suwaita tun kafin su iya bakinta, shi ya sa ake yawan ganin hula mai kyan saƙa amma bakinta ya saki, ko kuma ya ɗame har yana barin shaida a goshi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu koyo, musamman idan hunturu ya gabato aka shiga saƙar hulunan sanyi da safar jarirai. A cikin amsoshin, “ido” na nufin kowane ɗauri guda na saƙa, “layi” kuma jerin idanu daga wannan gefe zuwa wancan.

Mene ne baki mai kunyoyi, kuma me ya sa ake yin sa?

Shi ne ɓangaren saƙar da ake gani a bakin hular sanyi, da wuyan hannun suwaita, da ƙugunta, da wuyanta, da saman safa, wanda yake da tudu da kwari a jere kamar kunyoyin gona bayan huɗa. Wannan tudu da kwari ba don ado kawai ake yin su ba. Suna tattare wani ɓangare na faɗin saƙar a cikinsu, ta yadda idan kai ko hannu zai shiga sai su buɗe, idan ya wuce sai su koma su kama jiki, iska ta rasa ta inda za ta shiga.

Abubuwa biyu ake nema a wajen baki, kuma masu koyo sukan ɗauke su abu ɗaya: miƙewa da komawa. Kusan kowace saƙa mai sako-sako za ta miƙe idan an ja ta, amma ba kowace ce za ta koma yadda take ba. Bakin da yake miƙewa ba ya komawa, bayan sawa uku ko huɗu zai zama kamar bakin buhu. Saboda haka duk gwajin da za a yi wa baki, a ja shi, a sake shi, sannan a sake auna shi.

Shin kwarashi mai ƙugiya zai iya yin bakin da ya kai na saƙar sanduna biyu miƙewa?

Bai cika kaiwa ba, gwamma a san haka tun farko. A saƙar sanduna biyu madaukai ne kawai suke ratsa juna, suna da damar zamewa su ara wa juna zare, alhali a saƙar ƙugiya kowane ido ana rufe shi kafin a shiga na gaba, don haka zaren ba ya yawo sosai. Sai dai tazarar tana raguwa ƙwarai idan aka saƙa bakin a kwance, aka kuma riƙa shiga madaukin baya kaɗai. Saƙar zarge a madaukin baya, wadda aka yi bayaninta a ƙasa, tana kusantar ta sanduna biyu har wanda bai san saƙa ba ba zai bambanta su ba.

Me ake nufi da madaukin baya?

Idan aka dubi saman layin da aka gama, za a ga kowane ido yana da zare biyu da suka yi siffar harafin V a kwance. Wanda yake kusa da mai saƙa shi ne madaukin gaba, wanda yake nesa da ita shi ne madaukin baya. A saƙa ta yau da kullum kwarashi yana shiga ƙarƙashin su biyun. A saƙar kunyoyi kuwa sai a soka shi a tsakiyar V ɗin, a ɗauki na baya kaɗai, a bar na gaba yana kwance.

Madaukin da aka bari shi ne yake fitowa kamar ɗan layi a fuskar saƙar, kuma da yake zare ɗaya ne kawai ya haɗa sabon layi da tsohon, mahaɗar tasu tana lanƙwasawa kamar gaɓa. Tunda ana juya aikin a ƙarshen kowane layi, lanƙwasar takan faɗa gaba a wannan layin, ta faɗa baya a na gaba, daga nan kunyoyin suke samuwa. A lura cewa “baya” ana ƙiyasta shi ne da inda mai saƙa take a lokacin, ba da fuskar tufar ba: bayan an juya, madaukin da ya fi nisa da ita shi ne na baya, ko da ɗazu shi ne na gaba.

Wace hanya ce ta fi sauƙi ga wadda take farawa?

Gajeren ido a madaukin baya, wato idon da ake soka kwarashi, a jawo zare, madaukai su zama biyu, a naɗa zare a fitar da shi ta cikin biyun gaba ɗaya. A fara da sarƙa, wato jerin madaukan da ake ɗora layin farko a kansu, mai tsawon da ake so bakin ya yi daga sama zuwa ƙasa, a ƙara guda ɗaya ta juyawa. Idan ana son idanu 8, sai a yi sarƙa 9, a tsallake ta farko daga kwarashi, a saƙa gajeren ido a cikin sauran 8. Daga nan a yi sarƙa ɗaya, a juya, a saƙa idanu 8 a madaukin baya, a ci gaba da haka layi bayan layi. Da zare matsakaici da kwarashi mai milimita 5, idanu 8 sukan ba da kimanin santimita 5, wanda ya isa bakin hular da ba za a naɗe ba. Idan mai naɗewa ake so, sai a ninka.

Abin da yake rikita masu koyo a nan shi ne aikin yana fitowa kamar siririn ɗamara, ba ya kama da bakin hula ko kaɗan. Haka ya kamata ya kasance. Sarƙar farko ita ce tsayin bakin, yawan layuka kuma shi ne zagayen kai, domin a kwance ake saƙa shi, sai an haɗa ƙarshensa biyu sannan kunyoyin su miƙe tsaye. Layi biyu ne suke ba da kunya ɗaya, don haka ƙirga kunyoyi a ninka ya fi ƙirga layuka sauƙi.

Wace saƙa ce ta fi kowace miƙewa da komawa?

Saƙar zarge a madaukin baya. Ana soka kwarashi a madaukin baya, a jawo zare, a wuce da shi kai tsaye ta cikin madaukin da ke kan kwarashi ba tare da an sake naɗawa ba. Idon ba shi da tsayi, saboda haka kunyoyin suna fitowa sirara, a matse da juna, kuma suna komawa da ƙarfi bayan an ja su. Ga saman safa da wuyan hannu, inda ake yawan ja, ba ta da na biyu.

Amma tana da wahalarta, kuma ba ita ya kamata a fara da ita ba. Tana cin lokaci, domin layuka masu yawa ne suke cika santimita kaɗan, sannan idon zarge yana son ɗamewa, har a kai inda kwarashi zai ƙi shiga layin da ya gabata. Maganin wannan shi ne a ɗauki kwarashin da ya fi wanda aka saƙa jiki da shi girma da rabin milimita zuwa milimita ɗaya, kuma a riƙa ɗaga madauki kaɗan kafin a wuce da shi. Idanun kuma sukan karkata bayan an juya, har V ɗin ya daina kallon sama, don haka sai an ɗan jirkita aikin kafin a gane madaukin baya na gaskiya. Wadda ta yi hula biyu ko uku da gajeren ido, hannunta ya daidaita, ita ce za ta ji daɗin wannan.

Ban da waɗannan biyun akwai matsakaicin ido, wanda ake naɗa zare kafin a soka, a jawo, madaukai su zama uku, a fitar da zare ta cikinsu gaba ɗaya. Ya fi sauri, kunyoyinsa manya ne masu laushi, yana miƙewa sosai, sai dai komawarsa ba ta kai ta sauran biyun ba. Ya dace da hular da duk jikinta kunyoyi ne ko mayafin wuya, fiye da wurin da ake son kamu.

Kunyoyin da ake yi ta hanyar zagaye jikin ido fa?

Wannan wata hanya ce dabam, kuma ita ce kaɗai a cikin waɗannan da ake saƙawa a tsaye, wato a bi bakin tufar a zagaye. Ana fara shimfiɗa zagaye ɗaya na dogon ido, wato idon da ake farawa kamar matsakaici, amma a fitar da zare ta cikin madaukan biyu-biyu maimakon gaba ɗaya. A zagaye na biyu, maimakon a shiga saman ido, sai a naɗa zare, a zura kwarashi daga gaba ya bi ta bayan jikin idon ya fito gaba, a jawo zare, a ƙarasa dogon ido yadda aka saba. Wannan yana turo idon waje. Na kusa da shi kuma a zagaye shi daga baya, sai ya lotsa ciki. Ana buƙatar adadin idanu mai rabuwa biyu idan ɗaya-ɗaya za a yi, ko mai rabuwa huɗu idan biyu-biyu ne, kuma a kowane zagaye na gaba a ɗora na waje a kan na waje, na ciki a kan na ciki.

Kyanta a ido babu gardama, kunyoyin suna da kauri kuma suna tsayawa cak. Amma ita ce mafi ƙarancin miƙewa a cikinsu, tana da nauyi, tana kuma cin zare. Tana yin kyau a ƙugun suwaita ko gefen bargon jariri, inda siffa ake nema. A wuyan rigar da kai zai ratsa, ko a saman safa, gara a koma ga saƙar kwance.

Wane zare ya dace?

Rabin komawar baki daga zare take. Gashin tumaki na ainihi yana da lanƙwasa a cikin silinsa, shi ya sa yake komawa da kansa. Zaren akirilik, wanda shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanninmu, yana da matsakaiciyar komawa, kuma ya isa ga hula da suwaita idan aka kiyaye shi daga zafi. Auduga kuwa ba ta da wannan hali ko kaɗan: tana da sanyi a jiki, amma bakin da aka yi da ita zalla zai buɗe ya zauna a buɗe har sai an wanke. Wadda ta dage a kan auduga saboda zafin gari, ta yi amfani da saƙar zarge, ta kuma duba amsar da ke magana a kan zaren roba.

Idan ƙullin zare ba shi da takarda, ana iya gane shi da ɗan guntu da ashana, a wuri mai iska kuma nesa da yara. Gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe. Akirilik narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi.

Yaya ake sanin yawan layukan da za a yi?

Ƙa'idar ita ce bakin ya gaza zagayen jiki, ba ya yi daidai da shi ba. A auna kai da tef ta saman kunnuwa da tsakiyar goshi. Kan babban mutum yakan kasance tsakanin santimita 54 da 58, sai a rage kimanin santimita 5. Misali, idan kai ya ba da 56, bakin zai zama 51 ba tare da an ja shi ba. A saƙa ɗan guntun gwaji, a shimfiɗa shi a kan tebur, a ƙirga layukan da ke cikin santimita 10. Idan 16 ne, to kowace santimita tana ɗaukar layi 1.6, kenan santimita 51 za ta buƙaci layuka 82 idan aka cike. A tsaya a adadi mai rabuwa biyu domin kunyoyin su haɗu daidai a wurin ɗinki.

Ragin ba ɗaya ba ne ga kowace saƙa. Ta zarge da matsakaicin ido suna ɗaukar ragi mai yawa, ta zagaye jikin ido kuwa santimita 2 zuwa 3 sun ishe ta, tunda ba ta da inda za ta miƙe. Idan mai hular yana kusa, mafi tabbas shi ne a naɗa ɗamarar a kansa kafin a haɗa: ta zagaye da ɗan ja kaɗan, ba tare da kunyoyin sun baje gaba ɗaya ba.

Ga jarirai ma haka ake ragewa?

A'a, ragin ya zama kaɗan, santimita 2 zuwa 3. Kan sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36, kuma yana girma da sauri har ya kusa 46 a shekara ɗaya, don haka hular da ta ɗame a ranar suna ba za ta kai arba'in ba. A tabbata yatsu biyu suna shiga tsakanin baki da fata cikin sauƙi, haka ma a saman safa. Kada a sa zaren roba a kayan jariri, kuma duk bakin da ya bar shaida a fatarsa a warware shi.

Me ya sa ɗamarata take sirancewa, ko gefenta ya fito a karkace?

Kusan kullum ido ne yake ɓacewa a ƙarshen layi. Idon ƙarshe yakan kwanta ya ɓuya kusa da sarƙar juyawa, mai koyo ta ɗauka ta gama, ta juya, idanu 8 su koma 7, bayan wasu layuka su koma 6. Akasin haka ma yana faruwa, idan aka saƙa a cikin sarƙar juyawa ana zaton ido ce, sai ɗamarar ta riƙa faɗi. A ƙirga idanun kowane layi har hannu ya saba, kuma a maƙala ɗan zare mai wani launi a idon farko na layi, domin shi ne zai zama na ƙarshe idan an dawo.

Idan adadin daidai ne amma gefen yana da ramuka, a riƙa saƙa idon ƙarshe na kowane layi a ƙarƙashin madaukai biyu, sauran kuwa a madaukin baya. Wannan yana ƙarfafa gefen, yana kuma sauƙaƙa ɗaukar idanu daga baya, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Yaya ake haɗa ɗamarar, sannan a ɗora jikin hula a kanta?

A haɗa ƙarshen biyu, a tabbata ɗamarar ba ta murɗe ba, sannan a bi su da saƙar zarge, ana ɗaukar madaukin baya na layin ƙarshe tare da madaukin da ya rage na sarƙar farko. Idan aka yi haka da sassauci, ɗinkin zai ɓace a cikin kunyoyi. Daga nan a juya aikin, a bi dogon gefen da gajeren ido, ido ɗaya a ƙarshen kowane layi. Ɗamara mai layuka 82 za ta ba da idanu 82. Idan da matsakaicin ido aka yi ta, layukan sun fi tsayi, don haka a sa kimanin idanu uku a kowane layi biyu.

Wannan zagayen na farko shi ne yake kashe miƙewar huluna da yawa. Mai saƙa ta yi ɗamara mai kyau, sai ta ɗaure gefenta da zagaye mai tsauri, hula ta ƙi shiga kai duk da cewa kunyoyin suna buɗewa. A saƙa shi da sassauci, ko da kwarashi mafi girma, kuma da an gama shi a ja a gani kafin a ci gaba.

Za a iya ƙara baki a jikin rigar da aka riga aka gama?

Ana iyawa, ba tare da ɗinki ba. A ɗaura zare a bakin hannun rigar, a yi sarƙa mai tsayin bakin da ƙarin ɗaya, a dawo da gajeren ido zuwa jikin riga. A yi zarge a idanu biyu na gaba na jikin rigar, a juya, a tsallake zargen biyu, a fita da gajeren ido a madaukin baya, a yi sarƙa ɗaya, a juya, a dawo. Haka za a yi ta zagayawa, kowane layi biyu na baki suna cin idanu biyu na riga. Idan aka ga bakin yana bajewa kamar fure, to idanun rigar sun yi masa yawa: a riƙa cin uku maimakon biyu, ko a fara yin zagayen ragi a jikin hannun, ko a sauko da girman kwarashi.

Me haruffan da ke cikin rubutattun tsare-tsaren saƙa suke nufi?

BLO shi ne madaukin baya kaɗai, FLO kuma na gaba kaɗai. A tsarin Amurka, sc shi ne gajeren ido, hdc matsakaici, dc dogo, sl st kuma zarge. Tsarin Ingila ya bambanta: abin da Amurkawa suke kira sc, su dc suke kiransa, dogon ido kuma tr. Wadda ta bi tsarin Ingila da fahimtar Amurka za ta sami baki mai sako-sako wanda ya zarce awo nesa ba kusa ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce, duk tsarin da aka ga sc a cikinsa na Amurka ne, domin na Ingila ba ya amfani da shi. Girman kwarashi ma wani lokaci da harafi ake rubuta shi: G shi ne milimita 4 a yawancin kamfanoni, H milimita 5, J milimita 6.

Yaya ake wanke shi kada ya saki, kuma idan ya riga ya saki akwai gyara?

A wanke da hannu a ruwa mai sanyi, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa, a tattara kunyoyin da yatsu su koma kusa da juna kafin su bushe. Rataya jiƙaƙƙiyar suwaita a igiyar shanya yana sa nauyin ruwa ya ja ta. Babban abokin gabar akirilik shi ne dutsen guga: zafi yana sassauta silin zaren har abada, bakin ya baje ya yi sheƙi, kuma babu wankin da zai dawo da shi. Idan za a ba mai wanki da guga, a faɗa masa ƙarara kada ya goge. Gashin tumaki kuma ruwan zafi da cuɗa ne suke sa shi ya cure ya tsuke.

Bakin gashin tumaki ko na auduga da ya saki yakan dawo bayan wanki da shimfiɗawa. Idan bai dawo ba, ko kuwa akirilik ne da guga ta taɓa, a sami siririn zaren roba irin na teloli, a zura shi a allura marar tsini, a bi cikin bakin ta ciki ana ɗaukar zare ɗaya a kowace kunya. A yi zagaye biyu ko uku da tazarar santimita ɗaya a tsakaninsu, a gwada a jiki, sannan a ƙulle kowane zagaye shi kaɗai. Idan bakin an ƙara shi ne bayan an gama riga, kamar yadda aka bayyana a sama, warware shi a sake saƙawa da kwarashi mafi ƙanƙanta ya fi tsafta, kuma jikin rigar ba zai taɓu ba.